Kwana uku a Damagaram

Bayan sallar asuba motarmu ta tashi daga Maraɗi, muka bi kwalta ta Tasawa da Takeita. Kafin azahar duwatsun Damagaram sun fara leƙowa, jibga-jibga a tsakanin gidaje kamar wani ya zube su ya manta. Biki ne ya kai ni, ɗiyar yayata za a aurar. Rabona da garin tun 2018, shekarar Zinder Sabuwa, da aka yi shagalin ranar Jamhuriyar Nijar, 18 ga Disamba, a can.

Ko tuwon rana bai gama sauka ba ƙanwar amarya ta tsaya a kaina. "Kawu, tashi ka raka mu Birni, hoto za mu ɗauka kafin rana ta faɗi." Ni na ɗauka yawo za mu yi a wannan tsohuwar unguwa ta garin, ashe bango guda suka nufa, wanda suka gani a TikTok. Suka riƙa kurɗawa lungu-lungu, ni da na girme su ina bin baya, har muka ɓulla gaban wani gida mai zankwaye a kusurwoyi, fuskarsa cike da zanen da aka tayar da ƙasa, an bi shi da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Mun tarar da wasu 'yan mata a gabanmu, sai da muka jira layi.

Da yake ba ni cikin hoton, na zagaya gefen gidan. Can babu fenti ko ɗigo. Yaɓe ya zube, tubali a waje, indararo guda ya karye, ruwan damina ya ci bangon ya bar kwari. Na dawo na gaida dattijon da ke zaune bakin zaure, na ce, "Baba, gefen nan fa yana neman magini." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai gaba ake ɗauka."

Kada in zalunci yaran. Ƙawata ƙofar gida don a gani ba da salula ya fara ba. Attajiran Birni da Zango, tun zamanin da ayari ke ratsa Damagaram tsakanin Kano da Tarabulus, sun sa an yi wa ƙofofinsu ado ne don mai wucewa ya san akwai abin hannu a ciki. Amma mai wucewar nan yakan yi sallama, ya shiga zaure, ya ji sanyin da kaurin bangon ƙasa da rufin azara ke riƙewa. Ni ma na shiga, Baba ya sa aka kawo mini ruwan randa, na zauna har aka kira magariba ban so tashi ba.

Washegari mijin yayata ya kai ni filin da yake gini a bayan gari. Tun a hanya yake nuna mini hoton da ya samo a Instagram, wani gida fari da ruwan toka, gilashi tun daga ƙasa har sama, fitilu a ɓoye cikin silin. Dubai ne ko Abuja, shi kansa bai tantance ba. Magininsa mutum ne mai furfura, wanda ya koyi aiki da tubali da makuba kafin bulo da siminti su karɓe gari. Muna shan shayi ya ce mini, a da in mutum zai yi gini cewa yake a yi masa irin na wane, sai su taka su je gidan wanen, su shiga, su ga inda iska ke bi da inda rana ke bugu. Yanzu kowa salula yake miƙo masa, kuma hoton fuskar gida kaɗai ke ciki.

Babbar tagar gilashin yamma take kallo. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, kuma wuta ba kullum take zama ba, ban ga yadda mutum zai yi ƙailula a wannan falo ba. Na faɗa wa mai gidan haka, ya ce labule zai sa. A saman ƙofar kuwa ya ce a fitar masa da dagi da siminti, don yana fita a hoto.

Daren biki na ga ƙarshen abin. A zauren taron an rataye ƙaton allon leda da aka buga hoton bangon Birni a kai, ango da amarya na tsaye gabansa ana ta walƙiya. Ainihin bangon ba nisa, kabu-kabu zai kai ka.

Ranar komawa na bi ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ginin zamanin Sarki Tanimu, tsakiyar ƙarni na 19. A nan na tuna tsohon masallacin Birni, sa'an fadar, wanda ruwan sama ya rushe ranar 3 ga Satumba 2024. A WhatsApp na ga faɗuwarsa ina Maraɗi, mutum wajen biyar suka turo mini, kowa da inna lillahi a ƙasa. Na tura wa wasu ni ma. Birni na cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO tun 2006 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina, kuma ban taɓa cin karo da bidiyon mai yaɓe a salulata ba.

Muna kusa da Tasawa saƙon ƙanwar amarya ya shigo. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya, shuɗin bangon ya dace da lafayarta. Ta yanke gefen da ya tsage, ta yanke Baba, sai bakin tabarmarsa ya rage a kusurwa. Na rubuta mata ta turo mini wanda ba a yanke ba. Ta ce, "Kawu, na goge shi, wuri ya cika."