Kasa Kaya a Farin Gada

Wanda bai taɓa shiga kasuwar Farin Gada ta Jos da sassafe ba, bai san kyan kayan gwari ba. Tun hazo bai washe ba motoci ke sauke kaya: dankalin turawa daga Bokkos da Mangu da ƙasar gona a jikinsa, kabeji, karas da ganyensa, koren wake, ga kwandunan tumatir jere reras. Ƙamshin albasa mai lawashi ya gauraya da hayaƙin masu shayi, 'yan dako na ta "hanya, hanya!", kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Nan rumfata take, daga nan kuma nake tura kaya Abuja.

A hannun Baba na koyi kasa kaya, Allah ya jiƙansa, a babbar kasuwar Terminus ta nan Jos kafin gobarar 2002 ta cinye ta. Sai na gama kasa tumatir ya zo ya rushe da ɗan yatsa, ya ce, "Sake, yaro. Ido ke fara ciniki, aljihu daga baya yake zuwa." Shi ya nuna min a kifa tumatir ta wajen gindi, manya a ƙasa, a tashe shi kamar dala. Jan attarugu kusa da koren tattasai yake zama, don kowanne ya fito da ɗan'uwansa. Latas a yayyafa masa ruwa, in rana ta ɗaga a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Karas a wanke shi fes, amma dankali kada ruwa ya taɓa shi, ruɓewa zai yi. Har yau da hannuna nake kasa kashin farko, ba na bar wa yara.

Abin da ke ci min rai shi ne masu gyara bakin kwando kawai. Bara wani dillali ya kawo min tumatir, sama jawur gwanin sha'awa, da na juye sai ruwa da ruɓaɓɓe. Irinsu ne ke sa Hajiya ta zo ta taya kayana rabin kuɗi, wai ta ga mai araha a can gaba. Nakan ce, "Albarka, Hajiya, amma sa hannu har ƙasan kwandon ki gani." Yawanci ba ta tafiya sai da gyara a leda.

In sanyi ya kama sitiroberin ƙauyen Chaha ke shigowa. Shi kam a gaban rumfa nake jera shi kan faranti, gefen latas, inda hasken safiya ke fara sauka.