Modem ɗin da na fara zaɓa wa kwastoma

A 1999 ina koyon gyaran kwamfuta a wani shago a Kano, sai wani ɗan kasuwa ya kawo tsohuwar kwamfutarsa mai ƙwaƙwalwar Pentium 133. Yana so a sa mata modem na ciki, wato katin da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, don ya riƙa aika imel ga masu turo masa kaya. Maigidana ya ce, "Kai za ka zaɓo masa." Na je na ɗauko wanda aka rubuta 56K, wato gudunsa, ɓaro-ɓaro a kwalinsa, ga kuma araha.

Muka soka shi a ramin PCI, ɗaya daga ramukan da ake soka kati a cikin kwamfuta, Windows 98 ta gane shi, ya yi ƙarar nan tasa, ya haɗu. Amma da an shiga intanet sai kwamfutar ta kama jan ƙafa, layin ya yi ta yankewa. Maigida ya zare katin, ya ɗora a tafin hannunsa, ya ce, "Duba da kyau, ina ƙwaƙwalwarsa?" Ashe irin wanda ake kira Winmodem ne. An cire masa ɓangaren da ke sarrafa sigina, an jibga wa ita kwamfutar aikin, shi ya sa ya yi araha. Sabuwar kwamfuta ba za ta ji nauyin ba. Wannan kuwa dama da ƙyar take ɗaukar kanta.

Muka koma kan wani modem na kamfanin US Robotics mai gudun 33.6K, na tsohon nau'in ramin da ake kira ISA, mai yin aikinsa da kansa. A nan na fi ƙaruwa, domin da hannu ake saita shi, da 'yan ƙananan jamfa, wato ƙananan maƙalai da ake sawa a kan ƙusoshin katin. Na sa shi a COM3, ɗaya daga mashigan da na'urori ke haɗuwa da kwamfuta ta cikinsu, sai linzamin kwamfutar ya sandare da zarar modem ya fara kira. Maigida bai gaya mini dalili ba, takardar katin kawai ya miƙo mini. Sai bayan la'asar na gano COM1, inda linzamin yake, da COM3 duk IRQ 4 suke amfani da shi, wato lamba ɗaya suke jan hankalin kwamfutar da ita, sai su yi karo. Na kashe COM2 a BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na ba modem ɗin wurin da IRQ 3, komai ya lafa.

Alhajin mai kwamfutar ya ɗan ɓata rai, wai mun rage masa gudu. Na yi masa bayanin abin da ni ma ranar na sani: 56K na saukarwa ne kawai, aikawa a tsarin V.90, wanda modem masu 56K ke bi, ba ta wuce 33.6K, kuma sai layin waya ya zama tsab ake kusantar adadin. Nasa layin, ko a kan tarho kana jin shuuu.

Da zai tafi maigida ya ja masa kunne a kan damina: in hadari ya taso, ya zare wayar tarho daga bayan kwamfutar. Tsawa ta layin take biyowa, kuma modem na ciki ba ya mutuwa shi kaɗai, yakan tafi da babban allon da aka soka shi a kai. A daminar nan kwamfuta biyu aka kawo mana da baƙin tabo daidai ramin modem. Ta Alhaji ba ta ciki.