Gishirin lasar shanu ba na rago ba ne

Sana'ata haɗa abincin dabbobi. Ina saro dusa da ƙowa da harawa, in haɗa wa masu turke, ni ma ina ɗaure 'yan Balami da Uda saboda Babbar Sallah. Abin da muka fi ja-in-ja a kansa da masu saye shi ne gishirin lasa. Mai rago zai ce, "Alhaji, miƙo na shanun nan, ai dabba duk dabba ce." Ba na bayarwa, ko da zai yi fushi.

Dalilina jan ƙarfe ne. Ana zuba sinadarinsa a gishirin shanu da abincin kaji, su kuma jikinsu na ɗauka. Tunkiya kuwa hantarta tara shi take yi, ba ta iya fitarwa sosai. Abincin da jan ƙarfen cikinsa ya haura miligiram 25 a kowane kilo ya zama haɗari gare ta. Wata da watanni rago na ci, yana ƙiba, mai shi na murna. Ranar da ya sha wuya, a ce lodin mota daga Potiskum zuwa Legas cikin rana da ƙishirwa, sai hantar ta sako abin cikin jini lokaci guda. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja ya duhunta, ya ƙi abinci, kwana ɗaya ko biyu ya faɗi. In an feɗe, ƙodar baƙa wuluk.

A Ostireliya makiyaya sun san cutar ko babu gishiri. Tumakinsu na kiwo a kan kuloba, wata ciyawa dangin wake, wadda a wasu filaye ba ta da isasshen molibdinam, sinadarin da ke hana jan ƙarfe taruwa a jiki. Harawar wake da ta gyaɗa dangin kuloba ne, shi ya sa wasu ke tambayata ko su daina ba da ita. Ni dai ba harawa nake tsoro ba. Ina tsoron abin da ake ɗora mata: gishirin shanu, ragowar abincin kaji, da kashin kajin gona da wasu ke cakuɗawa da dusa don arha.

A shagona buhun tumaki daban, mazubinsa daban, ba a haɗa shi da shebur ɗin da ya taɓa na kaji. Wanda ya zo mini da labarin rago mai jan fitsari, wajen likitan dabbobi nake tura shi, in ce ya tafi da buhun abincin, sauran garken kuma a sauya musu ci tun a ranar.