Godiya ga waɗanda ba su shiga hoton ranar sutinans ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan saƙo daga malamai ne da ma'aikatan ɗakin gwajin ruwa na jami'armu mai zaman kanta a nan Njamena. Alhamdu lillahi, ɗalibanmu na shekarar ƙarshe ta masta sun kare kundayen bincikensu a gaban alƙalai, abin da su suke kira sutinans. An tafa, iyaye mata sun rangaɗa guɗa, an ɗauki hotuna. Sai dai akwai mutanen da aikin ya tsaya a kan kafaɗarsu, ba su shiga zauren ba, wasunsu ma ba su san ranar ba. Su muke nufi da wannan godiya.

Binciken a kan ruwan sha ne, na rijiyoyi da foraj, wato rijiyoyin burtsatse, a unguwannin da ambaliya take shiga. Kowa ya ga abin da ya faru a 2022 da 2024, lokacin da kogunan Shari da Logon suka tumbatsa, musamman a Waliya da sauran unguwannin da'ira ta tara. In ruwa ya kwanta a tsakar gida, masai yana cika ya haɗe da rijiyar da ba ta da zurfi. Bayan ya janye, ruwan rijiyar yakan koma garai-garai, ido ba ya ganin komai, alhali ƙwayoyin da ke kawo gudawa da taifot suna iya kasancewa a ciki. Gwaji ne kawai yake nunawa.

Bulamomi, masu unguwanninmu, Allah ya ƙara girma. Ku kuka shige wa yaranmu gaba ƙofa ƙofa. Ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya yi sallama ya ce zai ja igiyar awo daga bakin masai zuwa bakin rijiya, kuma magidanci ya ce masa bismillah. Iyayenmu mata kuma kun yarda an ɗebi ruwa har daga randunanku. Wannan ya yi mana amfani ƙwarai, domin sau da yawa ruwa yana fitowa da tsabta daga famfo, sai ya gurɓata a jarka ko a randa, ta hanyar moɗar da ake ajiyewa a ƙasa da hannun da ake tsomawa. In ba a gwada wuraren biyu ba, sai a ɗora wa rijiya laifin da ba nata ba.

Ga abin da ya sa kuka ga ɗaliban suna ta sanɗa kamar masu ɗaukar ƙwai. Kowace kwalba sai an turara ta a tukunyar kashe ƙwayoyi a zafin digiri 121 na minti 15. A bakin foraj, ana goge bakin bututun, a bi shi da wuta in na ƙarfe ne, a buga ruwa ya zuba na 'yan mintoci don wanda ya kwana a bututu ya fita, sannan a tara. Ba a cika kwalba fal, ana barin ɗan sarari don a iya girgizawa. Yatsa ya taɓa cikin murfi, to kwalbar ta tashi aiki. In ruwan an sa masa kulorin, sai da ɗigon maganin da ke kwantar da shi a cikin kwalbar, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, a iso ɗakin gwaji a ga ruwan lafiya lau alhali ba haka yake ba.

Daga nan aiki ya koma hannun 'yan kilando, wato masu babur ɗin haya, da masu sayar da ƙanƙara, kuma a gaskiya su ne suka fi ba mu mamaki. Dole kwalba ta zauna a akwatin sanyi ƙasa da digiri 10, ba tare da ta daskare ba, ta kuma isa ɗakin gwaji cikin awa shida. A ɗibar farko, bayan janyewar ruwa, matsalar taɓo ce da hanyoyin da suka yanke. A ta biyu, cikin Maris da Afrilu, rana ce, zafi ya haura digiri 40, ƙanƙarar leda tana zama ruwa kafin azahar. 'Yan'uwa masu babur, kun ɗaure akwatin a baya da roba, kun lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, kun ƙi ɗaukar fasinja a hanya duk da cewa nan ne cinikinku yake. Hajiyoyin da suka riƙa ware mana ƙanƙara tun asuba, a ranakun da kowa yake nemanta, Allah ya sa albarka a sana'arku.

Sai ma'aikacin ɗakin gwajinmu. Malam, mun san ba ka son a ambace ka, amma ka yi haƙuri. Aikin da yake yi shi ne tace mililita 100 na ruwa ta wata siririyar matata mai ƙofofin da ido ba ya gani, masu faɗin maikuron 0.45, ƙwayoyin su maƙale a kanta, a ɗora ta a faranti mai abincinsu, a rufe a na'urar ɗumi a digiri 44 har kusan awa 24. Washegari kowane ɗigo da ya tsiro a ƙirga shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami E. coli, ƙwayar da take fitowa daga bayan gida, ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Dalilin digiri 44 shi ne a wannan zafin ƙwayoyin da suka fito daga bayan gida ne suke jurewa, yawancin sauran ba sa iyawa. In wuta ta ɗauke zafin ya sauko, waɗanda ba a nema su ma sai su tsiro, lissafi ya zama ƙarya. Haka ta faru da farantan yini guda. Da an rufe ido an ƙirga, babu alƙalin da zai gane. Ya ce a zubar. Ruwan jiya kuma ba a sake gwada shi, don haka sai da aka koma gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, kuma aka sake buɗe mana ƙofa ba tare da an ɓata fuska ba. Tun daga ranar, mai kula da janareta da baba mai gadi suke kwana kusa da ɗakin, suna duba ma'aunin zafi duk awa biyu suna rubutawa a littafi. Littafin nan yana cikin hujjojin da ɗalibai suka nuna wa alƙalai.

Matatun da abincin ƙwayoyin ba a nan ake yin su ba. Ta Duwala suke shigowa, su bi Ngaundere, Garwa, Marwa, Kuseri, su tsallako gadar Ngeli. Alhazan da suka saka mana kwali a cikin kayansu, suka kiyaye shi daga rana da laima, mun gode.

Iyaye da masu ɗaukar nauyi, ku ne kuka san zafin abin. Jami'a mai zaman kanta da kuɗin makaranta take tafiya, shekara uku na lisans, wato digirin farko, biyu na masta, sannan bincike ya zo da nasa: man babur, ƙanƙara, buga kundi kofi huɗu ko biyar da ɗinke shi. Mun ga waɗanda suka biya kashi-kashi, mun ga waɗanda suka sayar da dabba. Allah ya sa ku ci moriyar yaran nan.

Muna kuma gode wa malaman da suka zo daga jami'o'in gwamnati suka zauna alƙalanci, suka karanta kundayen shafi shafi, ba su ba da maki bisa ashirin don kunya ba. Haka ɗaliban shekarar farko da suka yi tafinta daga Faransanci zuwa Larabcin Chadi, Hausa, Barebari da Ngambai.

Saura alkawarinmu. Kowane gida zai karɓi sakamakonsa a rufaffiyar ambulan, hannu da hannu, tare da wanda zai yi bayani da harshen gidan. A cikin kundayen lamba muka sa, babu sunan kowa. Kafin mu iso, duk wanda ambaliya ta taɓa rijiyarsa ya tafasa ruwan sha ya ɓararraka na minti ɗaya cur, ko ya sa kulorin bisa adadin da ma'aikatan lafiya suka faɗa ya jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta a tace tukuna, domin kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. A rufe randa, a rataye moɗa. Mai shirin haƙa sabon masai kuma ya bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya, in fili bai kai ba ya zo mu duba tare kafin a sa diga.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Za mu fara raba ambulan daga Waliya, ta hannun bulamomi za ku ji ranar.