Keken Yara a Jiragen Paris: Yadda Muka Yi Zirga-zirgar Disneyland da Ƙananan Yara

Duk iyayen da suka yanke shawarar kai ƙananan yara Disneyland ta Faransa, kuma suka zaɓi sauka a cikin birnin Paris maimakon otal-otal ɗin da ke kewaye da wurin, sun ɗaukar wa kansu tafiyar jirgin ƙasa ta kusan minti 40 kowace safiya, da wata irinta kowane dare. Wurin shaƙatawar, wanda aka buɗe ranar 12 ga Afrilun 1992, yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da tsakiyar birnin, kuma layin RER A, jirgin ƙasan da ke haɗa tsakiyar Paris da garuruwan kewayenta, shi ne ke kai jama'a har bakin ƙofarsa. Haka muka yi ni da maigidana da yaranmu biyu, namiji mai shekara biyar da mace mai shekara biyu, kuma tun kafin mu tashi muka yi ta kai-kawo a kan ko mu tafi da keken tura yara namu ko mu yi haya idan mun isa.

Akwai kekunan haya kusa da mashigar wurin, kuma masu ba da shawarar a dogara da su suna da hujja, domin mutum yakan huta da ɗawainiyar jan kaya daga filin jirgin sama. Abin da ya sa muka ƙi shi ne keken haya a can ake mayar da shi, ba a hawa jirgi da shi, alhali lokacin da yaro ya fi buƙatar wurin kwanciya shi ne bayan an tashi, sa'ad da ya wuni yana yawo, barci ya kama shi, ga tafiyar jirgi a gaba, ga kuma tazarar da ke tsakanin tasha da masauki. Saboda haka muka tafi da namu. Muna da babba mai manyan tayoyi da kwando mai zurfi, wanda ya fi daɗin turawa, muna kuma da ƙarami marar nauyi da ake naɗewa da hannu ɗaya, mai igiyar ratayawa a kafaɗa. Ƙaramin muka ɗauka, kuma matakalun Paris sun tabbatar mana da cewa zaɓin ya yi daidai tun ranar farko.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya fara aiki a 1900, kuma yawancin tashoshinsa an gina su ne a zamanin da ba a tanadar wa mai keke hanya ba. Mutum zai sauka matakala, ya bi doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa, ya hau wata matakalar, ya sake sauka kafin ya kai inda ake jiran jirgi. Layi na 14, wanda aka buɗe a 1998 kuma aka tsawaita shi zuwa filin jirgin sama na Orly a 2024, shi ne wanda ke da lif a dukkan tashoshinsa. Da muka fahimci haka sai muka daina bin hanyar da manhajar waya ta ce ta fi sauri, domin manhajar tana lissafin mutum ne mai tafiya hannu sake, wanda canjin jirgi sau biyu ba ya cin masa komai. Muka koma takawa da ƙafa a kan titi, ko da tafiyar ta ɗan fi tsawo, har zuwa tashar RER A kai tsaye. Tashoshin wannan layi a tsakiyar birni su ne Charles de Gaulle–Étoile, Auber, Châtelet–Les Halles, Gare de Lyon da Nation, kuma wanda bai riga ya kama masauki ba, ina ganin ya kyautu ya nemi wanda ke kusa da ɗaya daga cikinsu.

Ƙofofin tikiti ma sai da dabara. Na gama-gari matsattsu ne, an yi su don mutum ɗaya, kuma wanda ya yi ƙoƙarin cusa keke ta cikinsu yana iya maƙalewa, mutane na jira a bayansa. Yawancin tashoshi suna da ƙofa mai faɗi a gefe domin masu keken yara da masu keken guragu da masu manyan jakunkuna, wani lokaci tana buɗewa da tikiti, wani lokaci kuma sai an kira ma'aikaci. Yaran da ba su kai shekara huɗu ba ba a biya masu kuɗin jirgi, don haka ƙaramar ba ta da tikiti, amma babban yana da nasa, kuma a RER ana buƙatar tikitin a wajen fita kamar yadda ake buƙatarsa a wajen shiga. Tsarin da muka zauna a kansa shi ne maigidana ya wuce da yaron ta ƙofar gama-gari, ya tsaya a ɗaya gefen, ni kuma in biyo da keken ta mai faɗin, tikitina yana aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba.

Layin RER A yana cikin layukan da suka fi cunkoso a Turai, yana ɗaukar fasinjoji sama da miliyan guda a ranakun aiki. Bayan tashar Vincennes yana rabuwa biyu ta gabas, reshe ɗaya ya nufi Boissy-Saint-Léger, ɗayan kuma Marne-la-Vallée–Chessy, kuma ko a reshen da ake so akwai jiragen da ke tsayawa a Torcy ba su ƙarasa ba. Allon da ke rataye a wurin jira yana nuna tashoshin da jirgi mai zuwa zai tsaya, kuma mai keke ya fi kowa buƙatar karanta shi da kyau, domin sauka a inda ba a nufa ba yana nufin sake neman lif da sake kokawa da ƙofar jirgi. Da safe, tsakiyar layin ne ke cika da ma'aikata, amma da zarar an wuce Nation sai jirgin ya fara sakewa, tunda yawancin mutane shigowa birni suke yi a lokacin da masu zuwa shaƙatawa ke fita.

Jiragen layin masu hawa biyu ne, kowane tarago da ƙofofi uku masu faɗi a kowane gefe. Idan aka shiga, akwai ɗan fili a daidai bakin ƙofa, daga nan matakala ta hau sama, wata ta gangara ƙasa. Yara sama suke so, kuma babu yadda za a yi keke buɗaɗɗe ya bi su can, don haka wurin mai keke shi ne wannan filin. A nan na koyi abubuwan da hannu ne kawai ke koya wa mutum. Tsakanin bakin dakalin jira da jirgi akwai ɗan rami, faɗinsa ya danganta da tasha, kuma ƙananan tayoyin gaba masu juyawa su ne ke faɗawa cikinsa. Wajen shiga sai in danna hannun keken ƙasa, tayoyin gaba su ɗaga, in ɗora su a cikin jirgi, sannan in ɗaga na baya. Wajen fita kuwa da baya nake fitowa, in fara sa ƙafata a ƙasa, in jawo keken tayoyin baya su fara sauka, ta yadda nauyin yarinyar yana karkata zuwa gare ni. A cikin jirgi ina taka birki, in jingina keken da bango a gefen da ba a buɗe ƙofa, hannuna ɗaya bai bar shi ba, saboda jirgin yana tsayawa da ƙarfi. A dakalin jira kuma ba na fuskantar da keken wajen layin dogo, a gicciye nake ajiye shi, birki a take, ko da minti ɗaya za mu tsaya.

Sai batun kaya, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ke mayar da keke alheri ko azaba. Da safe keke yakan fita fayau, amma kafin la'asar ya zama jakin kaya: rigunan sanyi a kan rumfa, gorunan ruwa a kwando, jakar kayan canji da ledar tsaraba a rataye a hannu. Muddin yarinyar tana zaune, nauyinta yana riƙe komai daidai, amma da ta miƙe sai keken ya kife ta baya. Kuma keken da aka cika haka ba ya naɗuwa, alhali a hanya ba a sanar da mutum lokacin da zai buƙaci naɗe shi. Wata safiya mun tarar da lif ɗin wata tasha ba ya aiki, sai ga mu a gindin matakala mai tsawo, jama'a suna ta wuce mu ta dama da hagu. Abin da ya cece mu shi ne dokar da maigidana ya kafa tun a masauki, cewa duk abin da ke cikin kwando dole ya kasance a cikin jaka guda mai hannu. Na zare jakar na rataya, na ɗauki yarinyar, shi kuma ya naɗe keken ya saɓa a kafaɗa, ya riƙe hannun yaron, muka haura ba tare da mun tare wa kowa hanya ba. A inda matakalar gajeriya ce, mu biyu muke ɗaga keken da yarinyar a ciki, an ɗaure ta da bel, ɗaya ya kama hannu, ɗaya ya kama ƙarfen jikin keken ta ƙasa. Ba a kama sandar da ke gaban yaro ko matakin ƙafa, domin su ana iya cire su, kuma suna iya fita a hannun mutum. Matakala mai tafiya da kanta kuwa, na ga iyaye da yawa suna hawa da yaro a cikin keke, amma ni ban yarda da shi ba, kuma alamun da ke manne a bakinta ma sun hana.

A cikin wurin shaƙatawar kansa babu wata wahala. Daga tashar Marne-la-Vallée–Chessy zuwa wurin binciken jakunkuna 'yar tafiya ce, ba a shiga layin wasanni da keke, akwai wuraren ajiya a kusa da kowane wasa, kuma ma'aikata sukan gyara jerin kekunan, don haka mutum yana iya dawowa ya tarar nasa ya matsa. Ƙyalle mai launi mai haske da muka ɗaura a hannun namu ya isa mu gane shi daga nesa.

Dawowa da dare ita ce jarrabawar gaske. Da an gama wasan wutar da ake rufe wuni da shi, dubban mutane suke nufar tasha a lokaci guda, kuma da yawansu iyaye ne masu kekuna, kowa yana neman wannan ɗan filin na bakin ƙofa. Amfanin da ake da shi shi ne tashar ita ce ƙarshen layi, jirgi a nan yake fara lodi, don haka wanda ya haƙura ya bar na farko ya tafi yakan shiga na biyu tun yana fanko. Mun kuma lura cewa jama'a suna cunkushewa a taragon da ke daidai bakin matakala, alhali wanda ya tura kekensa zuwa ƙarshen dakali yakan samu sarari. A wasu darare mun fita tun kafin a fara wasan wutar, a wasu kuma mun zauna a kan benci har tururuwar ta lafa, kuma hanyoyin biyu duka sun fi shiga tsakiyar turmutsitsi. Abin da ban zata ba shi ne ɗan shekara biyar ɗin, wanda a gida ya daɗe da raina keke, shi ne ya fi neman sa da dare. Jakar goyo da na sa a cikin kaya ta warware matsalar: ƙaramar ta koma jikina, babban ya kwanta a keken ƙafafunsa suna reto, mahaifinsu yana turawa. Kafin a yi haka ya kamata a duba iyakar nauyin da aka rubuta a jikin keken, domin ƙananan kekuna ba duka ke ɗaukar babban yaro ba.

Motocin bas na birnin sun fi jirgin ƙarƙashin ƙasa sauƙi ga mai keke, tunda ƙasansu a sauke yake kuma babu matakalar tasha, sai dai cunkoson titi yana cin lokaci. Filin da ke tsakiyar motar na masu keken guragu ne tun asali, mai keken yara aro yake yi, kuma idan mai shi ya zo sai a naɗe a ba shi wuri ba tare da jiran a roƙa ba. Na ga wata uwa ta yi haka da yaro yana barci, ta ɗauke shi a kafaɗa, wani fasinja ya naɗe mata keken, kuma ba wanda ya ɗauki abin a matsayin wata gwaninta.

Wanda zai je Walt Disney World da ke jihar Florida ta Amurka kada ya ɗauka dokokin ɗaya ne. A can dole ne a naɗe keke kafin a shiga bas ɗin da ke jigilar baƙi tsakanin otal-otal da wuraren wasa, ko da yaro yana barci, amma ana iya tura shi a buɗe cikin jirgin da ke tafiya a kan dogo guda da kuma babban jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasan. Tun 2019 kuma ba a yarda da keken da faɗinsa ya wuce santimita 79 ko tsawonsa ya wuce santimita 132 ba, abin da ya fi shafar masu kekunan tagwaye, don haka gara a auna shi da ma'auni a gida kafin a sayi tikitin jirgin sama.