Bakin Ciko da Lafiyar Dasashi: Darasi daga Ɗakin Kula da Haƙori

Yawancin manyan da ke zuwa a cike musu kogon haƙori tambayarsu ɗaya ce, wato farin ciko za a sa musu ko mai ruwan azurfa. Aiki ya nuna mini cewa abin da ya fi shafar dasashi shi ne yadda bakin cikon ya zauna a jikin haƙori, musamman a tsakanin haƙoran tauna, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa.

Idan ciko ya yi tozo ya zarce jikin haƙori, ko da milimita ɗaya ne, ƙarƙashinsa yakan zama maɓoyar dauɗa da ƙwayoyin cuta. Sai dasashin wurin ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini da zarar an taɓa shi, alhali sauran bakin lafiya lau. Mai haƙorin kuwa ba ya kawo kuka, domin zogin da ya kai shi asibiti ya riga ya lafa, kuma a ganina nan ne haɗarin yake. A hankali ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi, wanda a lafiyayyen baki bai cika wuce milimita 3 ba, yakan ƙara zurfi, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa. A 1983 wani mai binciken ciwon dasashi, Lang, da abokan aikinsa a Suwizalan sun nuna cewa irin wannan tozo yana sauya ƙwayoyin cutar wurin, su koma kamar waɗanda ake samu a tsohon ciwon dasashi.

Zurfin bakin cikon ma abin lura ne. Tun 1961 binciken wani likitan haƙori, Gargiulo, ya auna cewa naman da ke manne da haƙori a saman ƙashi ya kai kusan milimita 2, kuma duk cikon da ya kutsa cikinsa kumburi yake jawowa, komai kyan yadda mutum yake goge haƙoransa.

Cikon azurfa, wanda kusan rabinsa sinadarin makuri ne, ana rage amfani da shi bisa yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage illar makuri, amma farin cikon da ke maye gurbinsa shi ma yana tara dauɗa matuƙar ba a goge shi ya yi santsi ba.

Saboda haka ba na sallamar mutum sai na zura zaren sakace a tsakanin haƙoran. Idan zaren ya maƙale ko ya fito a tsattsage, akwai sauran aiki. Idan kuma ya wuce ba tare da wata turjiya ba, to an bar giɓin da zai riƙa cusa nama da ganye cikin dasashi. Masu ciwon suga nakan roƙe su su dawo a sake dubawa, haka ma masu shan sigari, domin taba tana rage zubar jinin dasashi, ciwon ya yi nisa ba tare da alamar da za ta ankarar da su ba.