Duwatsun da na hana a fasa

A Jos, mai sayen dutsen ado babu ruwansa da siffa. Zai haska tocila, ya duba ruwan dutsen da tsabtarsa, ya ɗora a sikeli. In akwai tsaga ko hazo a gindi, sai a sa filaya a ɓalle wurin, a bar tsantsar abin da za a yanka a yi kan zobe a Bankok ta Tailan ko Jaifur ta Indiya. Haka sana'ar take, kuma ba na ganin laifinsu, da ita suke ci da iyali. Ni dai ta wata ƙofa na shigo. Abin da suke ɓallewa su zubar, da wanda suke cewa bai kai a saya ba, shi nake tarawa.

A wajen Bukuru na tashi, inda tsofaffin ramukan kuza suka zama tafkuna, kuma tun muna yara muke tsintar fararen duwatsu a tarin yashin da masu wankin kuza suka bari. Wani dattijo da ya yi aikin kuza tun zamanin Turawa ne ya fara nuna mini cewa ba duka ne iri ɗaya ba. Ya ɗora mini biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane tafi.

"Ɗana, wanne ya fi nauyi?"

"Na dama, Baba."

"To, shi ne tofaz. Wancan ƙanƙarar dutse ce."

Daga baya na ga lissafin a rubuce: ƙanƙarar dutse, wato kwats, ta ninka nauyin ruwa sau 2.65, tofaz kuwa wajen sau 3.5. A ma'aunin taurin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwats na mataki na 7, tofaz na 8, gilashin taga bai kai 6 ba. Shi ya sa ɓallin gilashi ba ya rabuwa da aljihuna. Dutsen da ya kasa zana shi ba kwats ba ne, kome kyansa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a idona shi ne siffa, kuma ita ce ba ta yaudara. Kwats da ya samu sarari a cikin kogon dutse ya girma yadda yake so, gefe shida yake fitarwa, ya ƙare da tsini. Wani siriri ne, wani gajere mai kauri, wani gefensa ɗaya ya cinye sauran, amma kusurwar da ke tsakanin gefe da gefe ba ta canzawa daga digiri 120. Tun 1669 wani masani ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya lura da haka. Sai kuma siraran layuka da ke gitta jikinsa a kwance. Na tofaz a tsaye suke, suna bin tsawonsa. In aka kawo mini dutse mai gefe shida sumul, babu layi ko ɗaya, tsininsa daidai wa daida ta kowane ɓangare, na san ya bi ta hannun mai inji. Ana yin haka da yawa: a samu guntun da ya karye, a goge shi, a fitar masa da sabon kai.

Akwai mai kai biyu, wanda bai manne da komai ba lokacin da yake girma. Na Herkimer a jihar New York ta Amurka sun yi suna a wannan. Akwai wanda wani ya sake tsirowa a kansa ya fi shi faɗi, kamar wanda aka naɗa wa rawani. Akwai mai inuwar ƙaramin kansa a ciki, alamar ya tsaya da girma, ƙura ta zauna masa, sannan ya ci gaba. Irin wannan na fi so, don tarihinsa a bayyane yake, kuma shi ne dillalai suka fi rainawa saboda a wurinsu datti ne.

Launi kuwa, nan ake cin kasuwa, nan kuma ake cin mutane. Asalin kwats silikon ne da iskar oksijin, ba shi da launi. Ɗan abin da ya shiga cikinsa ne ke rina shi. Amatis, mai ruwan malmo, ƙarfe ne kaɗan a ciki tare da tururin nukiliya na duwatsun da ke kewaye da shi tsawon zamani. Mai ruwan hayaƙi, da ake samu a duwatsun Filato, alminiyam ne da irin wannan tururin. Fari fat mai kama da madara, ƙananan ɗigon ruwa da iska ne suka maƙale a ciki. Mai ruwan hoda da wuya ya fitar da gefe da tsini, a dunƙule ake samunsa.

Mai ruwan ɗorawa, sitirin, shi ne abin lura. Na ainihi ba shi da yawa, kuma launinsa ba ya da ƙarfi. Yawancin wanda ke yawo a kasuwannin duniya amatis ne da aka gasa a zafin digiri 400 zuwa 500 har ya juya, galibi daga kudancin Barazil. Ana gane shi: tsinin ya yi ruwan goro mai duhu kamar ya ƙone, gindin kuma fari. Ban ce kada a saya ba, ina da guda a kan kantata. A dai sayar da shi da sunan abin da yake. Wanda ba na ko taɓawa shi ne mai ƙyallin shuɗi da bakan gizo da ake shafa wa zinare ko titaniyam a masana'anta, da wanda aka tsoma a rini. Na rinin, duba cikin tsagogin, nan launin ke taruwa.

Amatis ɗin Jalingo, mai jajayen ɗigon tama a ciki, ya fi suna wurin masu tara duwatsu na Turai da Amurka fiye da a gida. A nan na fahimci darajar 'yar takarda. A wurinsu, dutsen da ba a san inda aka haƙo shi ba ya yi asarar babban rabo na kimarsa. Kowane dutse nawa yana da lamba, a littafi kuma na rubuta gari, da shekarar da ya zo hannuna, da abin da mai shi ya faɗa. Sai dai masu haƙa ba sa son faɗin ramin da suka samu abu, kuma da gaskiyarsu, kowa na tsoron a bi sawunsa. Ba na matsa musu. In na samu sunan ƙaramar hukuma, ya wadatar. In ina shakka, na sa alamar tambaya.

Wanki kuma ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa ga yawancinsu. Jan tsatsar da ta kama jiki takan fita in an jiƙa a asid ɗin okzalik, da safar hannu, a waje, nesa da yara. Amma a tabbatar kwats ne kafin a tsoma, don kalsayit, wani dutse da kan yi kama da shi, mai taurin mataki na 3, asid cinye shi yake. Amatis da mai ruwan hoda kada a jera su a taga. Ranar ƙasarmu takan kwashe musu launi a hankali, kuma ba ya dawowa.

Ba kwats kaɗai nake ajiyewa ba. Ina da baƙin tomalin daga wajen Keffi, da akwamarin, mai ruwan shuɗi-shuɗi, na Nasarawa Eggon da bai kai na zobe ba, da ƙwayoyin kuza. Galina, dutsen dalma mai sheƙi da nauyi, yana cikin kwalba a rufe, a can sama. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010, sa'ad da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ba zai bar shi inda ƙaramin hannu zai kai ba. Ko kwats ɗin ma ba na yarda a goge shi a bushe kusa da ni, ƙurarsa na lalata huhu.

Yanzu akwai masu haƙa da suka san halina. Na roƙe su in sun ci karo da mai tsini, kada su jefa shi buhu ɗaya da sauran, su naɗe shi shi kaɗai a tsumma ko jarida, su bar shi manne da uwar dutsensa in zai yiwu. Da farko dariya suka yi, wani ya ce, "Malam, dattin ma saye kake?" Da suka ga ina biyan wanda tsininsa bai karye ba fiye da kuɗin kilo, sai suka fara ware mini tun a bakin rami.